A Karanta Wa Yara Littafin Almara Tare

Ya Edita,

Rahotonku kan iyalin da suka yi ɗokin fitowar sabon littafin almara na yara ya sa na ɗauki alƙalami. Irin wannan ɗoki kwana uku yake yi idan aka miƙa wa yaro littafi aka juya baya.

Shawarata ga iyaye: babi ɗaya kowane dare bayan sallar isha'i, minti 20 ya isa. Uba ko uwa su fara, yaro ya karɓi shafi guda da murya, a dakata daidai inda labari ya ɗau zafi. A ɓoye littafin da rana, don babban yaya kan riga kowa ya tona ƙarshe. Babin dodanni kuwa a bar shi sai hantsin Asabar, kada ƙanana su kasa barci.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya