A tuna da jirgin Dwarf da hatimin Duwala

Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin maƙalar da kuka buga kan yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, musamman inda aka kawo labarin kakanninmu da suka yi ta fama a Garwa da dutsen Mora. Sai dai marubucin ya tsaya a tudu, ko leƙa ruwa bai yi ba. Ni da na tsufa a gidan waya ina buga hatimi, ba zan iya yin shiru ba, don ta ruwa aka ci Duwala, ta ruwa kuma wasiƙun mayaƙan suka fita.

Akwai wani ɗan jirgin yaƙin Ingila mai suna Dwarf. An saka shi a ruwa a 1898 a Govan ta Sikotilan, nauyinsa tan 710, manyan igwoyinsa biyu ne masu bakin inci 4. Kusa da manyan jiragen yaƙin Ingila Cumberland da Challenger, waɗanda suka zo yaƙin tare da shi, ɗan tsako ne. Amma ƙanƙantar ce amfaninsa. Jamusawa sun nutsar da jirage a bakin kogin Wuri don toshe hanyar shiga Duwala, manyan jiragen suka tsaya cirko-cirko a waje, shi kuwa yana kurɗawa cikin rafuka. Shi ya sa Jamusawa suka sa masa kahon zuƙa. Sun tura masa ƙaramin jirgi ɗauke da nakiya, bai samu ba. A daren 16 ga Satumba 1914, a rafin Bimbiya, jirginsu Nachtigal ya taho cikin duhu ya banke shi ya tsaga masa gefe. Dwarf ya buɗe wuta, Nachtigal ya kama da wuta ya nutse da mafi yawan mutanensa. Aka liƙe ɓarakar ya koma aiki. Ranar 27 ga watan Duwala ta miƙa wuya ga Janar Dobell, kwamandan rundunar Ingila da Faransa. Ko Garwa ma da ta faɗi a Yunin 1915, igwar da aka cire daga Challenger aka hauro da ita ta Binuwai tana cikin abin da ya karya lagon Jamusawa. Dwarf dai sai 1926 aka sayar da shi aka farfasa.

To, ga inda sana'ata ta shigo. Mai neman wasiƙar da ta fito daga irin wannan jirgi ba zai ga sunansa a hatimi ba. Amurkawa tun 1908 suna da gidan waya cikin jiragen yaƙinsu, da hatimi mai sunan jirgi ɓaro-ɓaro. Jamusawa kuma lamba suke ba kowane jirgi a jikin hatiminsa. Turawan Ingila ba su yi haka ba, balle a lokacin yaƙi da ake ɓoye inda jirgi yake. Abin da za ka gani shi ne rubutun hannun sojan jirgin a saman ambulan cewa yana bakin daga, wani lokaci ya ƙara da cewa babu kan sarki a inda yake. Sai alamar hafsan da ya tace wasiƙar. In ta isa Landan a buga mata wani hatimi mai cewa daga jirgin yaƙin Sarkin Ingila ta zo, kada a caji mai karɓa. Daga nan sai aikin haƙuri: ka ɗauki ranar hatimin isowa, ka rage kwanakin da jirgin kamfanin sufuri na Elder Dempster kan yi daga gaɓar nan zuwa Ingila, ka gwada da littafin tafiyar jirgin yaƙin. Mai gaggawa ba ya iya wannan aiki.

Hatimin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Duwala. Ina da kan sarki ɗaya ja, na fenin 10 a kuɗin Jamus, an rubuta KAMERUN a samansa, a tsakiya ga jirgin shaƙatawar Sarkin Jamus, Hohenzollern. A kan jirgin an danna C.E.F., wato rundunar da ta ci ƙasar, a ƙasa kuma 1d, kwabo ke nan. A 1915 aka yi wannan aiki, daga sisin kwabo har sule biyar. Hatimin da ya kashe shi kuwa na Jamusawan ne da suka bari, Duala Kamerun, da baƙaƙensu. Ma'aikacin da ya buga ya ɗan karkatar da hannu, rabin kwanan watan ya sauka a kan ambulan. Ambulan ɗin kuwa wani ya yage ya yar tun kafin abin ya zo hannuna, don haka shekarar kawai nake iya karantawa, ranar ta tafi.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman zuriyar tsofaffin sojoji a Yola da Zariya da Kano: in kun tarar da tsohuwar wasiƙa a adakar kaka, kada ku jiƙa ta don ɓamɓare kan sarkin. Ku bar ta yadda take, ku sa ta tsakanin fararen takardu biyu nesa da danshi da gara, ku ɗauki hoton gaba da baya, don a baya ake buga hatimin garuruwan da ta ratsa. Ku kuma, Edita, in za ku ware ɗan gurbi a shafin tarihi don buga irin waɗannan hotuna, ni zan fara aiko da nawa.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gidan waya,
Zariya