Kwana sittin ɗin da ke raba 'yan kasuwarmu da tambarinsu a Saudiyya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon fili a shafinku domin mu ja hankalin 'yan uwa masu sana'a a Makka, Jidda, Madina da Riyad, musamman masu turaren wuta da humra, masu yaji da kilishi, da masu gidajen abinci. Yawancinsu sun ɗauka tunda sunan shago yana cikin sijillin kasuwanci, to tambarin ma ya zama nasu. Ba haka ba ne. Sijilli izinin sana'a ne daga Ma'aikatar Kasuwanci. Tambari kuwa rajistarsa daban ce, a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Saudiyya mai hedikwata a Riyad, kuma dokar da take aiki da ita dokar tambari ce ta ƙasashen Gulf, wadda ta fara aiki a nan a 2016. Rajistar da aka yi a Abuja ma ba ta kare kowa a Jidda. Abin da take bayarwa kawai shi ne fifikon wata 6 a ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris: wanda ya shigar da buƙata a gida, idan ya shigar a nan kafin wata shidan su cika, ana lissafa masa ranar farko.

Buƙata tana shiga ta intanet, kuma kowane rukunin kaya da tasa buƙatar da kuɗinta. Rukunan 45 ne. Turare yana rukuni na 3, nama na 29, kayan yaji na 30, zoɓo da sauran abin sha marar maye na 32, gidan abinci na 43. Mai sayar da kilishi da yaji da suna ɗaya, idan ya yi rajista a na 29 kaɗai, ya bar yajinsa a sake. Idan sunan ba Larabci ba ne, ana neman fassararsa da yadda ake furta shi. Nan ne mutanenmu ke yin tuntuɓe, domin sunan da ma'anarsa ba ta wuce "yaji mai daɗi" ba siffanta kaya ne kawai, kuma doka ba ta ba mutum ɗaya mallakar siffar da kowane mai yaji ke da haƙƙin faɗa. Haka nan ana ƙin tuta, alamar gwamnati, alamar da ta zama ta addini zalla, sunan wani ba da yardarsa ba, da sunan garin da zai ruɗi mai saye game da asalin kayan.

To idan an ƙi fa? A nan aikin kwamitin sauraron koke yake, wanda a ofisoshi ake ce wa lajnar tazallum, kuma saboda shi muka rubuto. Doka ta ba mai buƙata kwana 60 daga ranar da aka sanar da shi ya kai kokensa gaban kwamitin. Idan wa'adin ya wuce bai yi ba, ana ɗaukar ya janye. Ba a jiran a gama aikin Hajji, ba a jiran ya dawo daga Kano. Sanarwar tana zuwa ne ta asusun da aka shigar da buƙatar, sau da yawa kuma asusun na mu'aƙƙibi ne, wato mai bin takardun mutane a ofisoshin gwamnati, ko wani ɗan ofis da ya riga ya karɓi ladansa ya kama gabansa.

Kwamitin ba zauren sulhu ba ne, takarda yake karantawa. Koken da ya cika da "iyalina da wannan suke ci" ba ya motsa komai, duk da gaskiya ce mai taɓa zuciya. Abin da ake so shi ne a ɗauki dalilin da mai duba ya bayar a rusa shi. Idan ya ce tambarin ya yi kama da wani da ya riga shi, a jera biyun a nuna bambancinsu a ido, a kunne da a ma'ana, a nuna kayan ba iri ɗaya ba ne, ko a rage jerin kayan da ake nema. Idan ya ce siffantawa ne, a nuna ɓangaren da ya keɓanta, a kuma yarda ba a neman mallakar kalmar gama-gari ita kaɗai. Rasitai masu kwanan wata, hotunan kwali da kwalba, da tallan da aka yi, su ne hujjar amfani. Mun fi ganin amfanin shafi biyu masu lamba da hujja a kan shafi goma na roƙo. Idan kwamitin ma ya ƙi, akwai wasu kwana 60 na zuwa kotu.

Karɓuwa ma ba ƙarshen tafiya ba ce. Ana wallafa tambarin, a ba duk mai ja kwana 60 ya shigar da adawa. Idan aka yi adawa, mai buƙata yana da kwana 60 ya mayar da amsa a rubuce, shirunsa kuma janyewa ne. Bayan rajista kariyar shekara 10 ce, amma ta Hijira, wato ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 110. Wanda ya rubuta ranar sabuntawa a kalandar Bature zai iya farkawa ya tarar ya shiga wata 6 na alfarma da ƙarin kuɗi. Wanda kuma ya ajiye tambari shekara 5 a jere bai yi amfani da shi ba, ana iya neman kotu ta soke shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne sa sunan wani a takardar. Ɗan uwa ya gina suna shekara da shekaru, amma rajista tana sunan kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ko aboki ɗan ƙasa, bisa amana. Doka ta san wanda ya yi rajista da kyakkyawar niyya a matsayin mai tambari, kuma idan aka haɗa rajista da amfani na shekara 5 ba tare da shari'a ba, ƙofar jayayya ta rufe. Ranar da aka ɓata, ko magada suka zo, mai guminsa ba shi da abin nunawa. Ko da ya tashi kai ƙara, zai iya jefa kansa cikin dokar tasattur ta 2020, wato dokar da ta hana baƙo yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Alhali kamfanin da ke da rajista a Najeriya ko Nijar yana da damar mallakar tambari a nan da sunansa, ta hannun wakili mai lasisi, da takardar wakilci da aka tantance.

Muna roƙon ku ware fili ku gayyato lauya mai lasisi a Saudiyya da ke jin Hausa ya amsa tambayoyin masu karatu. Kafin nan, duk wanda ya taɓa shigar da buƙata ya nemi lambarta daga wanda ya shigar masa, ya duba sunan wa ke kai, da ranar sanarwa ta ƙarshe.

Wassalam.

Daga wasu 'yan uwanku masu aikin rajistar tambari da shari'ar kasuwanci, Jidda