Zuwa ga ƙanena a Samaru, kan karnukan gidan aikina

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya zafi? In ka shiga Tudun Wada ranar Juma'a ka gaishe min da Baba da Inna da kyau, ka ce musu lafiyata lau, sanyin Ingila ma ya fara sauƙi.

Ka ce an kawo muku wasu ƙananan karnukan Turawa biyu asibitin dabbobi na jami'a, gidansu ɗaya amma kullum cikin cizon juna suke. Tsohuwar da nake kula da ita a nan Ekseta tana da irinsu biyu, abincinsu da fitarsu duk a hannuna suke, don haka ga abin da zai amfane ka. Dukkansu dangin teriya ne, karnukan da aka yi kiwonsu tun asali don su kutsa rami su koro yanyawa ko su kashe ɓera. Amma halinsu ya sha bamban, kuma mai gidan da ya ce zai yi musu adalci ta hanyar ba su komai iri ɗaya, shi ke kunna wutar.

Namijin, Biskit, Jak Rasal ne, kilo 7. Irinsu daga wannan yanki na Debon ya fito, wurin wani limamin coci mai son farauta, John Russell, wanda ya sayi karyarsa ta farko a 1819. Har yau jinin farautar bai bar su ba. Biskit ba ya zama. Ƙararrawar ƙofa, kurege a kan katanga, ganye da iska ta kwaso, duk sai ya yi musu haushi. In bai samu fita ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana ba, a raba safe da yamma, to ƙafar kujera ce za ta ji a jikinta ko ya tone furannin tsakar gida. Tafiya kawai ma ba ta isarsa, sai an sa hancinsa aiki: a watsa rabin abincinsa cikin ciyawa ya yi minti goma sha biyar yana nema. Wannan ya fi gudun rabin awa gajiyar da shi.

Macen, Dezi, farar teriya ce ta tsaunukan Sikotilan, wadda suke ce wa Westi, kilo 8. Ita minti arba'in na tafiya a hankali ya ishe ta. Ba ta son hayaniya, ba ta rugawa tarar baƙo, tana da kujerarta kusa da taga. Duk wanda ya shigo gidan cewa yake ita ce salihar. Ni kuwa na ce maka ita ce mugun ruwan da ke kwance.

Ka lura da wannan sosai, don a nan masu karnuka ke ɓata. Kafin kowane faɗa Dezi ce ke farawa, amma ba da murya ba. Za ta je ta kwanta a bakin ƙofar kicin ta tare hanya. In Biskit ya matso sai jikinta ya sandare, bakinta ya rufe, ta kafe shi da ido har farin idon ya bayyana ta gefe, leɓe ya ɗan ɗaga. Duk wannan bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Shi kuma da yake ba shi da haƙuri sai ya fashe da haushi, mai gida ya juyo ya ga mai ihu ya tsawata masa. Ita ta koyi cewa dabararta na ci, shi kuma ya koyi cewa kusantarta masifa ce, gobe ya zo da cizo a shirye. Ka ce wa masu karnukan nan su ɗauki bidiyo da waya lokacin ba da abinci da lokacin da wani ya shigo gida, ku kalla a hankali. Sau da yawa wanda ake zargi ba shi ne mafari ba.

Abinci: kwano biyu, ɗaki biyu, ƙofa a rufe. Biskit na cin giram 120 na busasshen abinci a rana, Dezi 110 duk da ta fi shi nauyi, don ba ta ƙona shi, kuma kowanne a raba biyu. Shi cikin minti ɗaya ya lashe, ita sai ta yi ta yanga. In aka haɗa su wuri ɗaya zai gama ya nufi nata, faɗa ke nan. Bayan minti goma sha biyar a ɗauke kwanukan ko da saura, don kwano ko babu komai a ciki Dezi na gadinsa. Ruwan sha ma wuri biyu. Ƙashi ko abin tauna kada a bar shi yashe a ƙasa. Dafaffen ƙashin kaza kuwa sam, tsagewa yake ya huda hanji. Albasa, tafarnuwa, inabi, zabibi da cakulan duk guba ne gare su, kuma ka san yadda ake zuba wa kare ragowar miya a gidajenmu. Ƙaramin kare mai kilo 7 ba zai ɗauki abin da karen farauta ke ɗauka ba.

Kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnanin gargaɗi ne, in ka hana shi sai ya daina gargaɗin ya wuce kai tsaye zuwa cizo. In faɗa ya riga ya kaure, kada kowa ya kai hannu wuyansu, nan ake cizon mutane. A watsa musu ruwa, ko a buga murfin tukunya, ko a cusa faifan katako tsakaninsu. Daga nan a raba su kwana ɗaya ko biyu, a duba ƙarƙashin gashi da kyau, don hudar haƙori ƙarama ce a ido amma tana yin ƙurji daga ciki. Haɗa su kuma a waje ake fara yi, ba cikin gida ba: mutum biyu, kowa da igiyarsa, a jera ana tafiya da tazarar taku huɗu ko biyar, ana ragewa sannu a hankali.

Ka tambayi jinsin karnukan da aka kawo muku. In duka mata ne aikin ya fi wuya, faɗan karya da karya ya fi muni kuma ba ya saurin mutuwa, wani lokaci sai an raba musu gida. Fiɗiya na rage wa namiji yawo, amma ba ta gyara gadin kwano.

Sannan a matsayinka na likitan gobe, ka fara neman ciwo kafin ka ce hali ne. Westi sun yi suna da ƙaiƙayin fata: lasar tafin ƙafa har gashin ya yi ja, da warin kunne. Ranar da na Dezi ya tashi ko kusa da ita Biskit ba ya iya wucewa. Jak Rasal kuma ƙoƙon gwiwarsa kan goce, za ka ga yana gudu ya ɗage ƙafar baya taku biyu ya sauke. A wurinku ka ƙara da kaska da zazzaɓin da take kawowa, da allurar haukan kare kowace shekara, wadda a nan ba a damu da ita ba sai kare zai ƙetare ƙasa. Zafin Maris da Afrilu kuma ba wasa ba ne ga kare mai gashi ninki biyu irin Westi. A fita da su bayan asuba da bayan magariba, in ƙasa ta ƙona bayan hannunka to za ta ƙona ƙafarsu.

Na san Inna za ta tambaya. Ka kwantar mata da hankali, ba sa hawa bene inda ɗakina yake, sallayata na can, kwanukansu da soson wankinsu daban suke. Ka turo min hoton karnukan da shekarunsu ta WhatsApp, da abin da ake ba su. A kuma haɗo min da daddawa da kuka in an samu mai tahowa.

Taka,
Yayarka