Baƙin tabon da ke saman na'urar ɗumama ɗaki

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in ja hankalin 'yan uwanmu masu tafiya karatu ƙasashen sanyi kan wani abu da mu mazauna Legas ba mu saba da shi ba.

Kwanan baya ƙanena da ke Ingila ya turo mini hoton bangon ɗakinsa, wanda ya yi baƙi daga saman na'urar ɗumama ɗaki, yana fargabar ko hayaƙi take fitarwa. Da yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce sana'ata a Agege, sai na kwantar masa da hankali. Irin wannan na'ura ruwan zafi ne ke zagayawa a cikinta, kamar lagireton mota, kuma ba a ƙona komai a jikinta. Iskar da ta taɓa ƙarfen takan yi ɗumi ta tashi sama, mai sanyi ta biyo ta ƙasa ta maye gurbinta, kuma a wannan zagaye ne take kwashe ƙurar darduma da burbushin tufafi, ƙananan ƙwayoyin su je su manne a bangon da ya fi iskar sanyi.

Da na matsa da tambaya, ashe kullum yana kunna turaren wuta, taga a rufe saboda sanyi. Nan gizo ke saƙa. Hayaƙin turare da na suya suna cike da ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai kusan 70, don haka suna kutsawa har cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin waɗannan ƙwayoyi da ta amince da shi na shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Ɗumama ɗaki yana kuma busar da iska, hanci da leɓe su bushe kamar lokacin hunturu a Kano. Shawarar da na ba shi ita ce ya goge tsakankanin ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma kafin sanyi ya kama, ya rage turaren, ya kuma riƙa buɗe taga na 'yan mintoci bayan girki.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.