Zuwa ga Edita: a gyara yadda ake ba da labarin masu kashe kansu

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da aiki. Dan Allah ina neman fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana cin raina, wato yadda jaridunmu da gidajen rediyo ke kawo labarin mutumin da ya kashe kansa. Kusan kullum salon ɗaya ne, wai matashi ya hallaka kansa saboda budurwa ta juya masa baya, ko magidanci saboda bashi, sai a zayyana abin da ya yi amfani da shi dalla-dalla, wani lokacin har da hoto, shikenan an gama labari. Daga nan sai a sa shi a Facebook jama'a su taru a ƙasa, wannan ya ce ɗan wuta ne, wancan ya ce rashin tawakkali, wani ma dariya zai saka. Wallahi babu mai tuna cewa cikin masu karantawa akwai wanda shi ma yake kan wannan gaɓar, kuma abin da zai ɗauka shi ne in ya buɗe baki zagi zai sha.

Budurwa ko bashi ba su ne duka labarin ba. Mutum nawa aka yaudara, mutum nawa bashi ya yi wa katutu, suna nan suna ta fama da rayuwarsu? Sau da yawa akwai ciwo a ƙasa wanda ya daɗe yana cin mutum ba a lura ba, abin da ya faru a ƙarshe tunzurawa kawai ya yi. Ciwon damuwa da likitoci ke magana ya wuce ɓacin ran kwana biyu da kowa ke yi. Mutum ne zai kai sati biyu ko fiye kusan kullum zuciyarsa a cunkushe, abin da yake so da duk ya fita ransa, barci ya ƙaurace ko ya farka tun kafin kiran assalatu ya kasa komawa, abinci ba ya shiga, jiki ba ƙarfi, yana ganin shi ba komai ba ne. A wajenmu ma da yawa ba za su ce maka ransu ba daɗi ba, cewa za su yi kai na ciwo, ƙirji ya yi nauyi, jiki na zafi, a yi ta shan maganin maleriya da na taifot ana ta gwaji ba a ga komai ba.

Na ga wannan a gidanmu. Matar ƙanena bayan haihuwarta ta biyu, ana cikin wankan jego kowa na murna, ita kuwa sai ta zauna bakin gado jariri na tsala kuka a gefenta tana kallon bango, in an miƙa mata shi ta karɓa ta ba shi nono amma hawaye na zuba, ka tambaye ta me aka yi miki ta ce ba komai. Kunun kanwa sai ya huce a kofi ba ta taɓa ba. Gwaggonmu ta ce iska ce, wata ta ce sammu ne daga dangin tsohuwar budurwar mijin, wata kuma ta ce ai sangarta ce irin ta yaran yanzu. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an kira mai ruƙiyya. Ranar da hankalin kowa ya tashi ita ce ranar da ta ce wa ƙanwarta a hankali, "yaran nan da ba ni sun fi samun kulawa." Nan aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana kama aƙalla mace 1 cikin 10 da suka haihu. Aka ɗora ta kan magani, ana kuma zama da ita ana magana, yanzu alhamdulillahi ta koma ɗinkinta.

Wannan maganar da ta faɗa ita ce zuciyar ciwon, don yana lalata yadda mutum ke fassara komai. Yana ganin kansa ba shi da amfani, duniya ta juya masa baya, gobe ma ba abin da za ta kawo. In an gaishe shi sama-sama ya ce an tsane shi, in abu ya lalace ya ce laifinsa ne, ya yi ta juya abu ɗaya a ransa dare da rana. Cikin abubuwan da ke jawo ciwon akwai gadonsa daga iyaye, akwai abin da mutum ya gani tun yana yaro kamar maraici ko duka ko cin zarafi, akwai mutuwar aure, rashin aiki, da waɗanda 'yan bindiga suka kora daga garuruwansu a Zamfara da Katsina, ko waɗanda suka ga abin da suka gani a Borno. Shaye-shaye kuma ƙara rura wutar yake, ko da mutum ya fara ne don ya samu ya yi barci. Akwai kuma wani nau'in da ake kira baifola, shi lokaci ne zai zo mutum ya yi ta zuba surutu, ba ya barci kuma ba ya gajiya, ya rabar da jarinsa, ya ce zai sayi kasuwa gaba ɗaya, bayan wani lokaci kuma ya faɗi warwas cikin baƙin ciki. Shi maganinsa daban ne, shi ya sa zuwa kemis a ce a ba ni na damuwa haɗari ne, maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da wancan ɓangaren.

Masu cewa rashin imani ne, ni dai ban yarda ba sam. Annabi Yaƙub alaihis salam ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Alƙur'ani. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ba wanda ya ce a bar addu'a, a yi ta sosai ma, amma mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni, to me ya sa wannan za a ce masa haka?

Magani akwai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawanci ganin likita za ka yi ka koma gida ranar. Abin da ya kamata a sani shi ne ƙwayoyin ba sa aiki nan take, sai an yi sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, kuma bayan an warke ana ci gaba da sha wata shida ko fiye, wasu masu cewa bai yi musu ba tun a kwanakin farko suka ajiye. Likitocin ƙwaƙwalwar dai sun yi kaɗan ƙwarai, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wannan kuma gwamnati ce za ta amsa.

Sai maganar doka. A Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, madalla. Amma sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Final Kod da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko biyan tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Mara lafiya fa, maimakon likita sai ɗan sanda! Ai dole iyalai su riƙa ɓoyewa. Ghana ta cire irin wannan hukuncin a 2023, mu ma 'yan majalisarmu su duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanyar duk shekara, kuma da yawansu sun nuna alama kafin nan. In ɗan'uwanka ya fara cewa ya gaji da duniya, ko ya zame muku nauyi, ko ya hau rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, kar ka ce masa ya daina saɓo ka tashi ka tafi. Zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an gane halin da yake ciki. Kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, a kai shi asibiti ranar, ba sai an jira gobe ba.

Ku kuma Malam Edita roƙona gare ku, in irin wannan labarin ya zo ku daina bayyana hanyar da aka bi, ku daina sa hoton gawa, ku daina rataya mutuwar mutum kan dalili guda a kanun labari, sannan a ƙarshen kowane rahoto ku rubuta asibitin da mai irin wannan damuwar zai je a jihar da abin ya faru.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku a kullum, daga Kano