Gyara Kan Batun "Uwar 'Yan Adam"

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili domin in gyara wata fahimta da ke yaɗuwa tsakanin matasanmu, wato wai binciken kimiyya ya gano mace ta farko a duniya. A 1987 ne masana kimiyya Rebecca Cann, Mark Stoneking da Allan Wilson suka wallafa nazarin da suka yi wa ƙwayoyin halittar mutum 147, suka bayyana cewa ɓangaren ƙwayoyin halitta da ake gada daga uwa kaɗai yana komawa ga wata mace da ta rayu a Afirka kimanin shekaru 200,000 da suka shuɗe. An laƙaba mata suna Hauwa'u, har na ga wasu a intanet suna ƙaga mata tatsuniya da siffar abar bauta. Wannan yana damuna ƙwarai, domin binciken bai ce ita ce mace ta farko ba, bai kuma ce ita kaɗai ce a zamaninta ba.

Mai karatunku, daga Zariya