Motar Lantarki da Jan Tirela: A Faɗa Mana Gaskiya Kafin Mu Saya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani ɓangare na batun motocin lantarki wanda ban ji masu tallata su ko jami'an gwamnati suna taɓawa ba, wato abin da ke faruwa idan aka ɗaura wa irin wannan mota tirela aka ce ta ja.

Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, kuma sana'ata ita ce ba da hayar rumfuna da kujeru da janareto ga masu biki da suna da Mauludi da zaman makoki. Shekara 16 ke nan ina jan ƙaramar tirela mai taya biyu da tsohuwar akori-kura mai shan dizal, saboda haka duk wanda ya zo mini da maganar motar da ba ta shan mai, to ya same ni da kunnuwa a buɗe, domin kuɗin mai ne ke cinye mafi yawan ribata. Na yi murna lokacin da gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan motocin lantarki a watan Disambar 2023 a taron sauyin yanayi na Dubai, na kuma ji daɗin alkawarin da kasafin kuɗin 2024 ya yi na ɗage harajin shigo da motocin lantarki na sufurin jama'a har tsawon shekara 8. Har gobe ina goyon bayan wannan tafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani a hanyar Techiman.

Wani aminina ya shigo da motar lantarki daga Turai, kuma ta zo da ƙugiyar jan kaya wadda kamfanin ya saka tun daga can. Da aka ba ni aikin wani biki a Techiman, sai muka yi shawarar gwada ta. Mun tashi da batir cike, allon mota yana nuna za ta iya tafiyar kusan kilomita 350, alhali tsakanin Kumasi da Techiman bai wuce kilomita 120 da 'yan kai ba, saboda haka lissafinmu shi ne mu je mu dawo ba tare da neman wuta ba. Wajen ƙarfi ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ta ɗauki tirelar daga tsaye ba tare da gurnani ko canjin giya ba, kuma saboda nauyin batirin da ke ƙarƙashinta, tirelar ba ta kaɗa ta kamar yadda take kaɗa tawa motar. Amma tun kafin mu wuce Offinso muka lura cewa duk kilomita ɗaya da muka ci, allon yana zabge kusan biyu, kuma da muka isa Akomadan hira ta ɗauke a cikin motar, kowa ya zuba wa allo ido. Mun shiga Techiman da abin da bai kai kashi ɗaya bisa uku na batirin ba. Muka jona ta a soket ɗin gidan biki, wanda ko da wuta ba ta ɗauke ba sai ya shafe fiye da awa 20 kafin ya cika batir irin wannan, ga shi kuma an ɗauke wutar cikin dare. Washegari sai da na aika aka kawo tsohuwar motata ta jawo kayan, kuma aikin da na karɓa na ranar a Asawase ya kuɓuce mini.

Daga baya ɗan ƙanena da ke zaune a Ingila ya gaya mini cewa abin da ya same mu sanannen abu ne a can. Turawa suna da al'adar jan ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota lokacin hutu, ɗaki mai taya da gado da wurin girki, kuma gwaje-gwajen da mujallun motoci da ƙungiyoyin masu irin waɗannan ɗakuna suka yi sun sha nuna cewa nisan da motar lantarki ke iya zuwa yana raguwa da kusan rabi idan tana jan sa.

Dalilin ya cancanci a fahimce shi, domin ba rauni ne a injin ba. Batirin matsakaiciyar motar lantarki yana ɗaukar kamar yunit 60 na wuta, irin yunit ɗin da mitar kamfanin wutar lantarki na ECG ke ƙirga mana a gida, ita kuwa litar fetur guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9. Ke nan duk abin da ke cikin wannan katon batir bai kai ƙarfin lita 7 na fetur ba. Abin da ya sa take iya tafiya mai nisa da ɗan wannan guzuri shi ne ba ta ɓarna, saɓanin injin mai wanda ke zubar da fiye da rabin ƙarfinsa a matsayin zafi, kuma an ƙera jikinta sumul domin ta tsaga iska cikin sauƙi. To, da zarar ka ɗaura mata akwati mai tsawo da faɗi a baya, ka rushe wannan dabarar gaba ɗaya. A shimfiɗaɗɗen titi iska ta fi nauyin kaya cin wuta, kuma turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Da na san haka a ranar, da ban jibga kujeru sama da rufin motar da tamfol yana kaɗawa ba, da kuma na rage gudu. Motar mai ita ma tana ƙara shan mai idan tana ja, kowane direba ya sani, sai dai tankinta babba ne, gidajen mai suna ko'ina, kuma minti biyar ya isa a cika ta. Motar lantarki kuwa, ko a na'urar caji mai sauri, sai ta yi wajen rabin awa kafin ta kai kashi 80 cikin 100, daga nan kuma cajin ya riƙa tafiyar hawainiya.

Akwai wata matsalar da Turawa ke kuka da ita wadda mu muna da damar kauce mata. Yawancin wuraren cajinsu an tsara su ne kamar wurin ajiye mota, a shiga da gaba ko da baya, ga waya gajera, saboda haka mai jan ɗaki dole ya kwance shi, ya nemi inda zai ajiye, ya je ya yi caji, sannan ya dawo ya sake ɗaurawa. Ka yi tunanin mutum shi kaɗai da dare a Kintampo yana kwance tirela cike da kayan mutane, ya bar ta a gefen titi. A ƙasarmu wuraren cajin jama'a kaɗan ne, kuma mafi yawansu a Accra suke, wanda ke nufin waɗanda za su cika hanyar Accra zuwa Kumasi mai kimanin kilomita 250, da ta Kumasi zuwa Tamale mai kusan kilomita 380, yanzu ne za a gina su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina kira ga Hukumar Makamashi, wadda ita ke kula da wannan fanni, da ta shardanta cewa kowace tashar caji a babbar hanya ta kasance da aƙalla layi ɗaya da mota za ta shiga ta gaba ta fita ta gaba da tirelarta, kamar yadda muke yi a gidan mai. A garuruwa irin su Nkawkaw da Techiman da Kintampo da Buipe, wannan ba zai ƙara wani kuɗi mai yawa ba idan an sa shi tun a zanen farko, amma gyara shi bayan an zuba siminti zai yi tsada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne walda. Ina alfahari da ƙwararrunmu na Suame Magazine, unguwar masu walda da bakanikai a Kumasi, waɗanda su ne suka ƙera tirelata, kuma ban taɓa kai musu ƙarfe suka kasa ba. Sai dai al'adarmu ta liƙa wa kowace mota ƙugiya ba za ta yi a nan ba. Wasu motocin lantarki, kamar Nissan Leaf na farko-farko, kamfaninsu bai amince a ja komai da su ba, wasu kuma an ƙayyade musu nauyi, misali Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 ta farko, masu babban batir, suna tsayawa a kilo 1,600, kuma wannan ma sai tirelar tana da nata birkin, in ba haka ba iyakar ita ce kilo 750. Ga shi batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar da wutar da ta kai kusan bolt 400 ko fiye, ba wurin da za a kai wutar walda ba tare da horo ba. Haka kuma idan batir ya ƙare a hanya, ba a ɗaura wa irin wannan mota igiya a ja ta kamar yadda muka saba, domin tayoyinta na juya injin yana haifar da wuta, abin da kan iya lalata ta, sai dai a ɗora ta a bayan babbar mota. Bakanikanmu da direbobinmu nawa ne aka taɓa yi wa wannan bayanin?

Saboda haka nake roƙon Hukumar DVLA, mai rajistar motoci da ba da lasisin tuƙi, ta sa a rubuta nauyin da kowace motar lantarki za ta iya ja a takardun rajistarta, masu sayarwa kuma su daina faɗa wa ɗan kasuwa nisan da mota ke zuwa ba kaya, su faɗa masa nisan da za ta je da tirela a bayanta. Mutumin da ya tara kuɗin shekaru ya sayi mota domin kai doya daga Techiman ko raguna lokacin Babbar Sallah yana da haƙƙin sanin wannan kafin ya biya. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Magazine ya zauna da shugabannin masu walda da bakanikai, ya ji ko akwai wanda ya taɓa zuwa ya koya musu aiki da waɗannan motoci, sannan ya kawo mana amsarsu a wannan shafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi